Ladan Yini Guda: Labarin Gasar Zari-ruga ta Duniya ta 1954

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi.)

 

Na tabbata wasu daga cikinku za su yi mamaki idan suka ji cewa a daren yau zancenmu a kan zari-ruga yake, wasan da galibinmu ba mu taɓa ganin an yi shi ido da ido ba, sai dai wanda ya taɓa hango shi a talabijin ɗin gidan kallo, ya ga ƙarti suna kokawa a kan wata ƙwallo mai siffar ƙwai, ya girgiza kai ya ce a mayar masa da ƙwallon ƙafa. To, ku yi mini haƙuri kaɗan, domin ba ƙwallon ce ta ja ni zuwa ga wannan labari ba, abin da ya ja ni shi ne mas'alar da ta haifi wasan tun asali, wadda kuwa ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa yin ƙwadago a ƙasar nan tamu.

Ku dubi saurayin da ke aikin yini a gonar albasa a lokacin rani. Da asuba, tun sanyin hunturu yana tsaga leɓe, ya naɗe ƙafar wandonsa ya shiga fangali, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya, in wannan fangali ya sha ya toshe shi da laka ya buɗe na gaba, injin ban ruwa na ta kuka a bayansa, har rana ta take tsaka. Abin da mai gona zai danƙa masa da yamma, shi ne tuwon daren gidansu, shi ne sabulu, shi ne abin da yake ɗan tarawa na aure. Yanzu sai a ce ga mutanen gari sun zo masa, sun ce gobe akwai wasa da wani gari, kuma kai ne ƙarfinmu, sai ka bar aiki ka zo. In ya je, ya yi asarar ladan yini. In ya ƙi, an ce ya kunyata garinsu. Shin wa ya kamata ya ɗauki wannan asara, shi ko waɗanda suka tara jama'a suka karɓi kuɗin ƙofa? A kan wannan tambaya, ba a kan wata ba, Turawan Ingila suka yi husumar da ta ɗauke su shekara ɗari cif ba su sasanta ba.

A ƙarshen ƙarni na goma sha tara wasan zari-ruga iri ɗaya ne a Ingila, kuma jagorancinsa yana hannun 'ya'yan masu hali na kudancin ƙasar, waɗanda suka koye shi a makarantun kwana masu tsada, suka kuma ɗauke shi a matsayin tarbiyya ta manyan gobe, wadda a ganinsu kuɗi ba abin da za su yi mata face su gurɓata ta. Amma a arewacin ƙasar, a yankunan Yorkshire da Lancashire, wasan ya riga ya faɗa hannun talakawa, masu haƙar kwal a ƙarƙashin ƙasa da ma'aikatan masaƙu, waɗanda suke aiki har ranar Asabar, alhali kuwa ranar Asabar ake wasa. Ƙungiyoyin arewa suka nemi a yarje musu su biya ɗan wasa diyyar lokacin da ya rasa a wurin aiki, ba albashi ba, diyya kawai. Aka kai maganar gaban babban taron hukumar wasan a shekarar 1893, aka jefa ƙuri'a, mutum 282 suka ƙi, 136 suka yarda. Hausawa sun ce wanda ya ƙoshi bai san da mai jin yunwa ba. Lauya ko ɗan attajiri da ba ya rasa ko anini idan ya yi wasa ranar Asabar, da sauƙi gare shi ya yi wa mai haƙar kwal wa'azi a kan tsarkin niyya.

Ran 29 ga Agusta 1895, lokacin nan ƙasarmu tana ƙarƙashin Sarkin Musulmi Abdurrahman, saura shekara takwas Turawa su shiga Sakkwato, wakilan ƙungiyoyin arewa suka taru a wani masauki mai suna George a garin Huddersfield, suka yanke shawarar ɓallewa. Ƙungiya 22 ce ta fara sabuwar tafiyar, kuma abin da suka ƙayyade na diyya bai wuce sule shida a yini ba. Dattawanmu da suka riski zamanin sule da sisi sun san abin da nake faɗa. A kan sule shida aka raba wasa gida biyu, aka kuma kafa dokar cewa duk wanda ya taɓa yin wasa da 'yan arewa, ko da kyauta ya yi, an haramta masa komawa tsohon gida har abada.

Da tafiya ta yi tafiya sai sabon gidan ya sauya ƙa'idojinsa domin mai kallo, wanda shi ma talaka ne da ya biya kuɗin ƙofa da guminsa, ya ga abin da ya biya. A 1906 suka rage 'yan wasa daga goma sha biyar zuwa goma sha uku a kowane ɓangare, shi ya sa zan riƙa kiransa wasan 'yan sha uku, ɗayan kuwa na 'yan sha biyar. Yadda ake yinsa ba wuya. Ana ɗaukar ƙwallo a hannu a sheƙa da gudu, ba a jefa wa ɗan'uwa ita ta gaba, sai dai ta baya ko ta gefe, abokan hamayya kuwa aikinsu su cafke mai ƙwallo su kai shi ƙasa, kamar yadda ɗan kokawa ke yi. In an kayar da shi a sake shi, ya miƙe ya mirgina ƙwallo ta ƙarƙashin ƙafarsa zuwa ga na bayansa, a ci gaba. Wanda ya ratsa ya dangwala ta a ƙasa bayan layin abokan hamayya ya ci, sannan a ba su damar buga ta da ƙafa ta tsakanin wasu dogayen sanduna biyu don ƙarin maki. Minti tamanin ake yi. Wasa ne na ƙashi da tsoka, kuma sau da yawa in ina kallonsa nakan ce da a ce a ƙasar nan ake yinsa, da masu ɗorin Aliero, waɗanda ake ɗauko musu majinyata daga nesa saboda shahararsu a wannan sana'a, ba su sami lokacin runtsawa ba.

Wasan ya haye teku ya isa New Zealand da Ostareliya a 1907 da 1908, can ma a kan maganar diyyar ɗan wasan da ya ji rauni ya kasa fita aiki. Amma inda labarinmu ya fi nauyi shi ne Faransa.

(Ɗan kiɗa.)

A shekarar 1931 ƙasashen Birtaniya suka daina wasan 'yan sha biyar da Faransa, bisa zargin cewa wasan nasu ya cika mugunta, kuma ana biyan 'yan wasa a ɓoye alhali ana rantsuwa a fili cewa ba a biya. A cikin wannan hali wani shahararren ɗan wasa mai suna Jean Galia, wanda shi kansa an dakatar da shi a kan irin wannan zargi, ya tara abokansa ya kai su arewacin Ingila a 1934 suka koyo wasan 'yan sha uku, suka dawo da shi gida. Abin ya kama kamar wutar daji a kudancin Faransa, har kafin shekara biyar ƙungiyoyi da yawa sun bar tsohon gida sun koma sabo, shugabannin 'yan sha biyar suna gani ikonsu na zubewa ba su da abin yi.

Sai yaƙin Hitila ya zo. Jamus ta ci Faransa a 1940, aka kafa gwamnatin da ke zaune a garin Vichy ƙarƙashin wani tsohon jarumin soja, Marshal Pétain, wadda take bin umarnin Jamusawa. Masu sauraronmu da ke da dangi a Gaya ko Dosso, wataƙila kakanninsu sun ba su labarin wannan zamani, domin ƙasar Nijar ma tana ƙarƙashin wannan gwamnati har zuwa ƙarshen 1942, iyaka ta yi tsauri tsakaninmu da su. To, a daidai lokacin da ƙasarsu take cikin ƙangi, mutane na neman abin da za su sa a baki, wasu manyan wasan 'yan sha biyar da suke da fada a wurin sabuwar gwamnati suka ga dama ta samu. Ran 19 ga Disamba 1941 Pétain ya sa hannu a kan dokar da ta rushe hukumar wasan 'yan sha uku, aka ƙwace kuɗinta da kadarorinta, aka tilasta wa 'yan wasanta komawa tsohon gida ko su zauna. Ni dai a ganina, cikin dukan abin da za ku ji a daren nan babu abin kunya kamar wannan, a ce mutum ya kasa kayar da abokin hamayyarsa a fili, sai ya jira baƙin mayaƙa sun danne ƙasarsu sannan ya ara hannunsu ya shaƙe ɗan'uwansa. Dukiyar da aka ƙwace ba a mayar da ita ba bayan yaƙi, kuma har sunan wasan aka hana su, suka yi fiye da shekara arba'in doka ba ta yarda su kira shi da sunansa na zari-ruga ba, sai dai su ce wasan mutum goma sha uku.

A cikin samarin da suka shiga daji suka yi gwagwarmaya da mamayar Jamus a ɓoye akwai wani mai suna Paul Barrière, haifaffen 1920. Da aka gama yaƙi ya tsaya tsayin daka wajen tayar da wasan daga kabari, har aka naɗa shi shugaban hukumar a 1947 yana ɗan shekara 27. Cikin shekara huɗu suka haɗa ƙungiyar da ta je Ostareliya a 1951 ta doke masu gida sau biyu cikin karawa uku, abin da ya girgiza duniyar wasan. Jagoransu a fili wani ɗan gajeren mutum ne mai suna Puig Aubert, wanda ake yi wa laƙabi da Pipette saboda tsananin shan tabarsa, har ana ba da labarin cewa yakan karɓi sigari daga hannun 'yan kallo ana tsakiyar wasa. Ba ya son wahalar cafke mutum, yana ganin wannan aikin waɗanda ke gabansa ne, amma in ya aza ƙwallo a ƙasa zai buga, sai dai abokan hamayya su sunkuyar da kai.

Da wannan ƙarfin gwiwa Barrière ya matsa wa sauran ƙasashe lamba a kan a shirya gasar duniya. Ba su yi ɗoki ba. Turawan Ingila suna shakkar ko abin zai biya kuɗinsa, 'yan Ostareliya suna duban nisan tafiya, sai da Faransawa suka ɗauki alkawarin ɗaukar nauyin kuɗi, suka kuma sa aka ƙera kofi na musamman wanda aka kashe wa faran miliyan takwas, da siffar zakara a samansa, domin zakara shi ne tambarin Faransa. An so a sa wa kofin sunan Barrière, ya ƙi. Ku lura da wannan: mutanen da aka ƙwace wa kome shekara goma sha uku kacal da suka wuce, su ne suka kira duniya biki. 'Yan sha biyar, da dukan dukiyarsu da fadarsu, ba su shirya tasu gasar duniya ba sai a 1987.

(Ɗan kiɗa.)

Shekarar 1954 ba baƙuwa ba ce a tarihinmu. A cikinta Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya zama Firimiyan Jihar Arewa, a cikinta kuma Sarkin Gwandu Haruna Rashid ya hau gadon sarauta, wanda ƙasashen nan namu na Jega da Aliero da Maiyama suka zauna ƙarƙashinsa shekara arba'in da ɗoriya. A ƙarshen watan Oktoba na wannan shekara, lokacin da manomanmu suke yankan dawa, ƙasashe huɗu suka hallara a Faransa: masu gida, da Birtaniya, da Ostareliya, da New Zealand. Tsarin mai sauƙi ne, kowa ya kara da kowa sau ɗaya, nasara maki biyu, kunnen doki maki ɗaya.

Kowa ya ɗauka kofin tsakanin Faransa da Ostareliya yake. Birtaniya kuwa ba wanda ya sa ta a lissafi, har mutanenta, kuma dalilin haka ya sake komo da mu ga mas'alarmu ta farko. Manyan 'yan wasanta ba su daɗe da dawowa daga wata doguwar tafiya ta watanni a Ostareliya da New Zealand ba, sun gaji, sun bar iyali da sana'a tsawon lokaci, domin a wancan zamani ɗan wasan da ake biya ma yana da aikinsa na yini, wasa ƙari ne kawai. Da aka ce su sake barin aiki mako biyu ko uku a kan ɗan abin da aka yi musu tayi, da yawansu suka ce a kai kasuwa. Mutum uku kaɗai daga cikin waɗanda suka yi waccan tafiya suka amsa kira. Aka tattara mutum goma sha takwas, galibinsu samari da ba su taɓa sa rigar ƙasa ba, aka damƙa su a hannun wani ɗan Sikotilan mai suna Dave Valentine, ɗan wasan ƙungiyar Huddersfield, wato garin da aka haifi wasan.

Aka buɗe gasa ran 30 ga Oktoba a birnin Paris, Faransa ta ci New Zealand 22 da 13. Kashegari a birnin Lyon sai ga abin da ba a zata ba, waɗannan samari da aka raina suka lallasa Ostareliya 28 da 13, alhali jagoran Ostareliya shi ne Clive Churchill, wanda har yau mutanen ƙasarsa suke ƙidaya shi cikin gwanayen da ba a yi kamarsu ba. Ba zan wuce wannan mako ban ambaci wani abu ba, ko da yake ba na wasa ba ne: a daren 1 ga Nuwamba, kwana biyu da fara gasar, mutanen Aljeriya suka ɗaga tutar yaƙin neman 'yancinsu daga Faransa, yaƙin da ya ci rayuka masu ɗimbin yawa kafin ya ƙare a 1962. Ƙasar da ke murnar fita daga ƙangin Jamus, ita ma tana danne wasu. Haka duniya take.

Mako na biyu aka haɗu a Toulouse, cibiyar wasan a kudancin ƙasar, mutum fiye da 37,000 suka cika fili, Faransa da Birtaniya suka tashi 13 da 13. Ostareliya ta huce haushinta a kan New Zealand a Marseille, 34 da 15, amma wannan ita ce nasararta ta farko kuma ta ƙarshe, domin Faransa ta doke ta 15 da 5 a Nantes, a ranar da Birtaniya ta ci New Zealand 26 da 6 a Bordeaux. Da aka yi lissafi sai ga Faransa da Birtaniya kowa da maki biyar, ba wanda ya fi wani, tilas a sake karawa.

Ran Asabar 13 ga Nuwamba 1954, a filin Parc des Princes na birnin Paris, mutum 30,368 suka shiga kallo. Ku kwatanta abin a zuciyarku. A gefe ɗaya ga Faransawa, waɗanda aka haramta wa wasansu, aka cinye dukiyarsu, aka hana su ko ambaton sunansa, yau ga su a babban birnin ƙasarsu, kofin da suka ƙera da kuɗinsu yana ajiye a gabansu, saura minti tamanin su ɗaga shi duniya ta shaida. A ɗaya gefen ga 'ya'yan masu haƙar kwal da masaƙa, waɗanda mutanensu ma ba su yi musu rakiya da kyakkyawan zato ba. Da a ce mai tatsuniya ne ya tsara labarin, da Faransa ya ba nasara, kuma da ba wanda zai ce bai yi adalci ba. Amma ƙaddara ba ta shawara da mai tatsuniya. Faransawa suka dangwala ƙwallo sau biyu, Puig Aubert ya buga uku suka shiga. Birtaniya ta dangwala sau huɗu, biyu daga ciki ta hannun wani matashi mai suna Gordon Brown, Jimmy Ledgard ya buga biyu. A ƙa'idar wancan lokaci dangwalawa maki uku ce, bugu maki biyu, saboda haka duk mai lissafi a cikinku ya riga ni: 16 da 12. Valentine ya ɗaga kofi, abokansa suka ɗaga shi a kafaɗa. Faransa ta sake kai wa wasan ƙarshe a 1968 ta faɗi a hannun Ostareliya, kuma har yau ɗin nan da nake magana ba ta taɓa cin kofin da ta ƙirƙira ba.

Shi kansa kofin bai tsira daga jarrabawa ba. A 1970 aka ajiye shi don nuni a wani otal a garin Bradford, kwanaki kaɗan kafin wasan ƙarshe na gasar wannan shekara, aka wayi gari babu shi. Shekara ashirin ba labari. Sai a 1990 wani bawan Allah ya tsince shi a cikin juji, ba tare da ya san mene ne ba, zakaran da ke kansa ya ɓace. Sai da aka buga hotonsa a jaridar garin sannan wani masanin tarihin wasan ya shaida shi. Aka gyara shi aka mayar da shi bakin aiki a gasar shekarar 2000, kuma bayan rasuwar Barrière a 2008, da babu sauran wanda zai ƙi, aka sa masa sunansa. A cikin gasa goma sha shida da aka yi daga 1954 zuwa 2022, Ostareliya ta ci goma sha biyu, Birtaniya uku, New Zealand ɗaya.

Akwai wani abu da ya kamata a yaba wa wannan wasa a kansa, ko da yake ban ce ya kuɓuta daga wariya gaba ɗaya ba. Da yake na talakawa ne, ya riga sauran buɗe wa baƙar fata ƙofa. Wanda ya jagoranci Birtaniya ta ci kofin a 1972, Clive Sullivan, baƙi ne, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya shugabanci ƙungiyar ƙasa ta Birtaniya a kowane irin wasa. Martin Offiah, wanda ya dangwala ƙwallo fiye da sau 500 a rayuwarsa ta wasa, har aka sa siffarsa cikin mutum-mutumin da ke filin Wembley, iyayensa 'yan Nijeriya ne. Amma masarautar Ingila ba ta ba wani ɗan wasan 'yan sha uku lambar girma ta Sir ba sai a 2025, lokacin da ta tuna da Billy Boston yana da shekara casa'in, alhali 'yan sha biyar sun daɗe suna karɓa. Su kuwa 'yan sha biyar ɗin, a watan Agusta na 1995, saura kwana uku husumar ta cika shekara ɗari, suka zauna a birnin Paris suka halatta biyan 'yan wasa, abin da suka yi ƙarni guda suna korar mutane a kansa.

Mu a nan wannan aƙida tasu ba ta taɓa shiga kanmu ba. Kakanninmu sun ajiye kokawa da dambe sai kaka, bayan an kai amfani gida, don kada wasa ya ci noma, kuma ɗan kokawar da ya yi kaye ana yi masa kari a fili, mai goro ya ba da goro, mai riga ya ba da riga, makaɗi ma ya samu nasa, ba wanda ya taɓa cewa kyautar ta ɓata masa jarumtaka. Malamanmu na fiƙihu kuwa babi guda suka keɓe wa ijara, suka yi bayanin haƙƙin wanda aka ɗauki lokacinsa da ƙarfinsa. Abin da Turawa suka yi shekara ɗari suna jayayya a kai, dattijon ƙauye zai yanke shi kafin shayinsa ya huce.

(Ɗan kiɗa.)

Wasan ya iso Nijeriya a makare, kuma ta hannun 'ya'yanta da suka girma a Ingila. Cikinsu akwai Ade Adebisi, wanda ya yi wasan a matsayin sana'a a can duk da yana ɗauke da ciwon sikila, wato amosanin jini, kuma duk gidan da ke da mai wannan lalura ya san girman abin da na faɗa. Shi da abokan aikinsa suka kafa ƙungiyoyi, galibi a Legas, har da Kano Lions a nan Arewa. A farkon watan Oktoba na 2019 Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a filin Teslim Balogun da ke Surulere, ƙasa huɗu kamar na 1954: Nijeriya, Gana, Kamaru da Maroko. Nijeriya ta fitar da Gana, sannan ta doke Maroko 38 da 10 a wasan ƙarshe. A 2022 aka sake yin gasar a Ankara ta ƙasar Gana, Nijeriya ta kuma riƙe kofin bayan ta ci masu gida. Ban ji an buga tambari a kan wannan ba a garuruwanmu, kuma har yanzu ƙungiyarmu ta maza ba ta taka filin gasar duniya ba.

Saboda haka ga roƙona ga shugabannin ƙananan hukumominmu na Jega da Aliero da Maiyama, da malaman wasanni na makarantunmu da na jami'ar Aliero, da masu riƙe da ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na unguwa. Samari masu ƙirji da sauri Allah ya hore mana su, ga su nan a fadama da bakin kasuwa suna ɗaga buhun albasa kamar ba kome. In za ku kira ɗayansu ya bar aiki domin ya wakilci gari, ko a ƙwallo ne ko a kokawa ko a wannan baƙon wasa in wata rana ya iso mu, ku fara zama da shi ku yanke magana uku tun kafin a shiga mota: kuɗin tafiya, da ladan yinin da zai rasa, da wanda zai biya mai ɗori in tsautsayi ya gitta. Ku kuma, iyaye, ku tambaya kafin ku sa albarka.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.

(Kiɗan rufe shiri.)